Surukai a Tebur Ɗaya

A cikin ranakun da na yi a wannan sana'a, akwai wata Asabar da ba na jin zan taɓa mantawa da ita: ranar da aka kusa kira wa wani bawan Allah ma'aikaciyar jinya alhali lafiyarsa ƙalau, kunya ce kawai take ɗawainiya da shi. Duk sanda yaranmu 'yan gida suka shigo aikin hidimar abinci suka ce in ba su shawara, da wannan labarin nake farawa, don ya fi duk wata lacca da zan yi musu.

A ƙarshen shekarar 2021 ne. Ina aiki a wani gidan abinci da ke cikin wani katafaren wurin shaƙatawa a bayan garin Kuala Lumpur, irin wurin nan da za ka samu lilo da jirgin ƙasa na wasa da tafkin wanka da otal duk a haɗe. Karatu ne ya kawo ni ƙasar, na gama, na auri 'yar ƙasa, na samu izinin aiki, na yi zamana. Muƙamina a lokacin kyaftin. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka wani babban abu ne, to ba jirgi nake tuƙawa ba. A gidan abinci manaja ne a sama, sai kyaftin mai kula da sashe guda na tebura, sai masu kai abinci, sai masu kwashe kwanuka. Aikina in tarbi baƙi, in zaunar da su, in sa ido a kansu, in kashe wuta tun tana hayaƙi.

Gidan abincin namu irin na iyali ne, wato ba a kawo wa kowa farantinsa a shirye. Za ku zagaye tebur mai faifan gilashi a tsakiya wanda ake juyawa, a jera muku manyan kwanuka a kai: shinkafa, soyayyar kaza, kifin da aka gasa cikin ganyen ayaba, miyar kwakwa, da wani jan yaji da suke kira sambal. Kowa ya juyo abin da yake so ya ɗiba, in ya ƙare a ƙaro. Baƙi daga wasu ƙasashe har hoton abin suke ɗauka. Ni kam dariya nake yi a raina, don mu da muka tashi muna zagaye kwano ɗaya ba wanda zai koya mana wannan. Gilashin ne kawai ba mu da shi.

Lokacin ba a daɗe da sake buɗe mu ba bayan dogon kullen korona. An sallami abokan aikinmu da yawa, mu da muka rage kowa a ɗarare yake. A bakin ƙofa za a auna zafin jikinka, ka nuna shaidar rigakafi a wayarka, takunkumi kuma ba ya sauka sai ka zauna za ka ci. An yarda 'yan gida ɗaya su zauna a tebur ɗaya. Akwai kuma ƙa'idar da muka fi tsoro: in an ga baƙo da alamar rashin lafiya, tari ko yawan gumi ko ya ce ba ya jin ɗanɗano, to sai a kira nas ɗin wurin, a tashi teburin gaba ɗaya a kai su ɗakin keɓewa, a zubar da abincin, a rufe sashen a yi feshi. Manajarmu, Puan Zaitun, mace ce mai kirki, amma ba ta wasa da wannan dokar. Cutar ce ta ɗauke yayarta, don haka ba wanda yake ganin laifinta.

Bayan azahar suka shigo. Tun daga nesa na san 'yan gida ne: magidanci cikin farar shadda da hula, matarsa, wata dattijuwa da katon mayafi tana takawa a hankali, yarinya 'yar kimanin shekara tara, da ƙaramin yaro mai koyon gudu yana jan balan-balan. Hannuna a cike yake da wata tawagar baƙi, don haka wani abokin aikina, Faiz, ya zaunar da su a teburin da ke jikin taga. Na ce a raina bari in sallami waɗannan in je mu gaisa.

Ban kai ga zuwa ba Puan Zaitun ta yafito ni. Su suna ce min Abang Habib, wato yaya Habibu.

"Abang Habib, waɗancan mutanen ƙasarku ne ko?"

Na ce da alama.

"Tunda aka kawo abinci mutumin nan bai sauke takunkuminsa ba. Dubi yadda yake gumi, ga na'urar sanyi tana aiki. Faiz ya tambaye shi ko akwai matsala, ya ce *no appetite*, wai ba ya jin cin abinci. Tsohuwar ma ba ta kai komai bakinta ba." Ta sake duban teburin. "In har aka zo kai kayan zaƙi ban ga ya ci ba, zan kira nas. *Tak boleh*, Habib, ba zai yiwu ba. Ba zan iya kawar da kai ba."

Na ce ta ba ni dama in duba. Ina isa na yi sallama na durƙusa gaban dattijuwar.

"Hajiya, barka da rana. An zo lafiya?"

Ta zabura, ta leƙo fuskata. "A'a! Bahaushe a nan? Ɗan ina ne kai?"

"Ɗan Kano ne, Hajiya."

"Na san za a rina. Ina ne kuɗi yake da Bakano bai riga kowa zuwa ba?"

Nan na gane Zazzagawa ne. Na ce ai mu muke zuwa mu share wa iyayen gidanmu hanya, ko da yake ba na jin an taɓa gode mana. Ta yi dariya har mayafinta ya zame, matar ma ta yi. Shi kuwa maigidan murmushi kawai na gani a idonsa, ya miƙo hannu muka gaisa, ya ce sunansa Aminu, yana koyarwa a wata jami'a a cikin gari.

Ina gaisawar ina kallon teburin. Faiz ya yi abin da aka koya masa ne: ya ba babbar cikinsu kujerar girmamawa, ya sa maigida a wadda take fuskantarta daidai. Farantin Malam Aminu fes, hannuwansa a kan cinya, idonsa a kan gilashin tebur. Ita Hajiya tana riƙe da cokali, amma bakin ƙaramin yaron kawai take kai wa. Na sunkuya kusa da kunnensa.

"Malam, Hajiya mahaifiyarka ce?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. "Mahaifiyar madam ce."

Shi ke nan, na gano cutar, kuma ba wadda nas ke magani ba ce. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda na kusa mantawa da ita. Ni surukata Bamalayiya ce, tun ranar da na fara zuwa gidansu ta zaunar da ni kusa da ita tana tula min shinkafa tana cewa *makan, makan*, wato ci, ci. Ranar sai da abinci ya kusa tsaya min a wuya, amma a hankali na saba, har na manta cewa a inda na fito akwai mazan da za su gwammace su kwana da yunwa da su tauna loma a gaban uwar matarsu.

Dabarar da ta fara zuwar min mai sauƙi ce. Na ce, "Malam, akwai ƙaramin tebur can bayan ginshiƙi, in kana so in kai maka naka can. Ka san lokacin nan an fi son a ba da tazara."

Mutumin nan kafin in rufe baki ya miƙe. Ban taɓa ganin wanda dokar tazara ta yi wa daɗi kamarsa ba. Har na fara jin daɗin kaina, sai idona ya faɗa kan matarsa. Ta ajiye cokalinta a hankali, ta kama hannun yarinyar ta ce za su je wanke hannu, ta yi min alama da ido in biyo su.

A wajen famfon ta tsaya, ta juya wa teburin baya.

"Don Allah Malam, kar ka raba mana tebur. *Please*."

Na ce ai don kowa ya sake ne.

"Na sani. Amma ka ji. Hajiya ta zo min wankan jegon yaron can ne, da niyyar wata biyu. Sai aka rufe ko'ina. Da aka fara tashin jirage kuma sai cutar ta kama ta, ta daɗe ba ta warware ba. Kusan shekara biyu muna cikin *flat* mai ɗaki biyu a unguwar Danau Kota. Kullum tire biyu nake shiryawa, nata a ɗaki, nasa a baranda. In ana ruwan sama a mota yake ci. Ranar da numfashinta ya sarƙe, *lift* ya lalace, shi ya goya ta ya sauko da ita har ƙasa. Amma da ta dawo daga asibiti, tire biyun dai aka ci gaba da yi." Ta share idonta da gefen mayafi. "Ranar Laraba za ta tafi gida. Ta tsufa, ban san ko za ta sake hawa jirgi ba. Takanas na yi *booking* ɗin nan saboda an ce min tebur ɗaya ne, kwano ɗaya. Sau ɗaya tak nake so in gan su suna cin abinci wuri ɗaya, yarana ma su gani."

"Kin gaya musu?"

"Wa zan gaya wa? Ita uwata, shi mijina. Duk wanda na ɗauko wa zancen sai ya kawo wani."

Wallahi ta ba ni tausayi. Ni kuma ga ni gaba kura baya sayaki. In na kai shi bayan ginshiƙi zai ci, manaja ta huta, amma matar nan za ta koma gida da abin da ta zo da shi. In na bar shi a wurinsa ba zai ci ba, a kira nas, a tashe su a gaban jama'a, a zubar da abincin bankwanar.

Na koma wajen Puan Zaitun na yi mata bayani. Ta saurare ni har na gama. Ta ce su ma suna da kunyar surukai, amma ba su kai mu ba.

"Na yarda da kai, Habib," in ji ta. "Sai dai in wani abu ya faru, ba zan ce wa na sama da ni al'ada ce ba. Ya ci in gani, ko a ina ne."

Ban ga laifinta ba. Na tsaya jikin kanta ina tunani. Shi Malam Aminu ba zai taɓa farawa ba, don in ya fara ya zama marar kunya a idon kansa. Matar ba ta da bakin magana a tsakaninsu. Mutum ɗaya ne a teburin nan yake da ikon kwance wannan ƙulli, kuma ita ce kowa yake ta lallaɓawa ba a gaya mata komai.

Na je na roƙi Malam Aminu, wanda har lokacin yana tsaye yana jiran in kai shi mafaka, ya ɗauki yaron ya nuna masa kifayen da ke cikin gilashi a bakin ƙofa kafin in gyara wuri. Yana tafiya na sake durƙusawa.

"Hajiya, ƙara na kawo."

"Ta wa?"

"Ta ku duka. Shugabarmu ta ga Malam bai ci abinci ba, tana zaton cutar nan ce. In bai ci ba, dokar wurin nan ta ce a tashe ku a kai ku ɗakin gwaji. Zan iya kai shi wani tebur ya ci a ɓoye, amma ban ga alamar wadda ta kawo ku nan don haka ta kawo ku ba."

Ta dube ni sosai. "Wato kunyata ce za ta sa a kai shi ɗakin masu cuta?"

"Haka abin ya zo, Hajiya."

Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya. Ta juya ta dubi 'yarta, wadda ta dawo ta zauna tana ta gyara wa yarinyar ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

"Ita ta aiko ka?"

"Ba ta aiko ni ba. Idonta na gani."

A waje jirgin wasan nan ya wuce da mutane suna ihu. Hajiya ta ajiye cokalin ta ture shi gefe.

"Kira min shi. Ka kawo min ruwan wanke hannu, ni ban iya cin shinkafa da ƙarfe ba."

Muna da 'yar butar wanke hannu da tasarta, irin wadda Malayawa ke ajiyewa a tebur. Na kawo, na zuba mata. Malam Aminu ya dawo, na nuna masa kujerarsa ta ɗazu, ya dube ni kamar na ci amanarsa, amma ya zauna. Hajiya ta sa aka miƙo mata farantinsa. Da kanta ta zuba shinkafa, ta ɗora cinyar kaza, ta ɗebo jan yajin nan ta zuba da yawa, don ba ta san halinsa ba. Ta ɗora farantin a kan gilashi ta juya shi a hankali har ya tsaya a gabansa. Sannan ta dubi jikarta, kamar yadda na fahimci ta saba yi in tana da saƙo gare shi.

"Hanifa, gaya wa babanki na ce bayan da ya goya ni ba bayan suruki ba ne."

Yarinyar ta ƙifta ido. A ƙasar ta tashi, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da aike ba. Ta juya wajen uwarta.

"*Mummy, what did Kaka say?*"

Hajiya ta girgiza kai ta yi ajiyar zuciya.

"To. Tunda 'yar aiken ba ta jin Hausa, bari in faɗa da bakina." Ta gyara zama. "Aminu."

Ya ɗago a firgice. Daga baya matar ta gaya min tunda aka yi aurensu ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba.

"Na haifi maza uku, suna can gida, Allah ya yi musu albarka. Amma ranar da na ga mutuwa da idona, bayanka na hau. Wata da watanni kana ci a baranda kamar baƙo a gidanka, kana tsammani ban sani ba? Ina jin ƙarar cokalinka. Ni ce babba, ni ya kamata in yi magana tun tuni, nauyin baki ya hana ni. Sauke ƙyallen nan ka ci abinci, ɗana."

Tana gama faɗa ta ɗan karkata kujerarta wajen taga, ta jawo mayafi ta kare gefen fuskarta, ta yi bismilla ta sa hannu a nata farantin. Wannan karkatawar ta fi komai burge ni. Ta kira shi ɗa, amma ta bar masa wurin da zai ajiye idonsa.

Malam Aminu ya sauke takunkumin zuwa haɓa. Ya ɗebi shinkafa, da yajin da komai, ya kai baki. Na waiga don in tabbatar manaja tana gani. Tana gani kuwa. Sai kawai yajin ya sarƙe shi, ya turnuƙe da tari, hawaye na zuba. A wancan lokacin tari ɗaya a gidan abinci yana iya sa kowa ya ajiye cokali. Na ce a raina shi ke nan, an gudu ba a tsira ba.

Puan Zaitun ta taho da kanta, riƙe da kofin ruwan sanyi. Ta ajiye masa, ta dubi tulin yajin da ke farantin, ta dube ni.

"Wanda sambal ya sa kuka haka, harshensa lafiya lau yake," in ji ta. Ta ɗan rusuna wa Hajiya ta ce, "*Makan*, Mak," wato ci abinci, Mama, ta koma bakin aikinta.

Hajiya ba ta waiwayo ba, ta ce, "Malamin jami'a guda, yaji ya kayar da shi." Hanifa ba ta ji me aka ce ba, amma ta ga kowa yana dariya ta shiga ciki. Shi ma ya yi, yana share ido, ban san wane hawayen ne na yaji ba.

Sau biyu muka ƙaro musu shinkafa. Gilashin nan ya yi ta juyawa, ita ta turo masa kifi, shi ya turo mata miya, ba tare da sun haɗa ido ba. Wadda ba ta ci abin kirki ba ita ce matar. Na ga ta ɗauko waya za ta yi hoto, ta riƙe ta jim kaɗan, sai ta kife ta a kan tebur ta ci gaba da kallonsu kawai. Na hana Faiz kai kayan zaƙi sai da suka nema da kansu.

Da za su tafi na raka su bakin ƙofa. Hajiya ta sa min albarka, ta ce in je in ga tawa uwar kar in ce sai an gama tara kuɗin duniya, halin Kanawa. Matar ba ta ce komai ba sai "Na gode, Malam," amma yadda ta faɗa ya ishe ni.

Bayan kamar shekara guda Malam Aminu ya dawo da wasu abokan aikinsa. Na tambaye shi Hajiya. Ya ce tana nan lafiya a Zariya, kuma yanzu wayarsa take kira kai tsaye, ba ta bi ta wajen 'yarta. Abin da take fara tambaya kullum shi ne, "Ka ci abinci?" Sai ya yi dariya ya ce, "Amma fa har yanzu in na ga sunanta a waya, sai na miƙe tsaye nake ɗauka."

Abin da nake so ku riƙe daga wannan shi ne, masu girki suna can ciki suna nasu, mu namu aikin yana kan kujeru. Mutanen da suka shigo tare ba abinci kaɗai suka zo ci ba, kuma wanda bai taɓa farantinsa ba, ba lallai ne ciwo ko ƙin abincin ya hana shi ba. Wani a raba shi da jama'a ne taimakonsa, wani kuma rabawar ce abin da yake gudu. Ba za ka sani ba sai ka durƙusa ka tambaya, kuma ka san wanda ya kamata ka tambaya. Ni dai tun daga ranar, duk iyalin da suka shigo sashena, ko daga wace ƙasa suke, ba na ja wa kowa kujera sai na fara sanin wace ce uwar wa.